"Ina Kwana?": Cututtukan Barci Da Sakacinmu A Kansu

Duk wanda ya yi wa harshen Hausa kallon tsanaki zai tarar cewa Bahaushe da dare yake auna rayuwa. Idan ya daɗe bai ga abokinsa ba, sai ya ce masa "kwana biyu". Idan zai rubuta wasiƙa, sai ya fara da kwanan wata. Wanda ya tsallake rijiya da baya, an ce yana da sauran kwana, wanda ya faɗa ciki kuwa ƙarar kwana ce ta same shi. Sannan maganar farko da ke fita daga bakin kowa da safe, daga Sakkwato zuwa Damagaram, daga Zangon Kumasi zuwa Garwa, ita ce "Ina kwana?" Al'ummar da ta gina lissafinta da gaisuwarta a kan kwana, kamata ya yi a ce ita ce kan gaba wajen sanin darajar barci. Sai dai abin ba haka yake ba. Amsar wannan tambaya guda ɗaya ce tak, wato "Lafiya lau", ko da kuwa mai amsawar bai runtsa ba tun daren jiya.

Ni ba likita ba ne, sana'ata nazarin harshe. Amma abin da ya sa na ga ina da ta cewa a nan shi ne, rabin matsalarmu da cututtukan barci matsalar suna ce. Muna da kalmomi masu yawa a wannan fage: minshari, gyangyaɗi, dannau, magagi, sambatu, fitsarin kwance, mugun mafarki. Amma idan mai karatu ya duba da kyau zai ga cewa babu ɗaya daga cikinsu da muka ajiye a rukunin cuta. Wasu mun mayar da su hali, wasu abin dariya, wasu kuma aikin iska. Abin da ba a kira shi cuta ba kuwa, ba a kai shi asibiti. Ra'ayina shi ne wannan sakaci yana ci mana rayuka da lafiya da dukiya, kuma mu masu ilimin zamani muna cikin waɗanda suka fi kowa laifi, domin mu ne muka fi kowa ɗaukar ƙarancin barci a matsayin shaidar ƙwazo.

Wurin da kawai muka haɗa kalmar "ciwo" da "barci" shi ne ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Wannan cuta ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Zazzau a zamanin Turawa, har ta kai gwamnatin mulkin mallaka ta tashi mutane daga yankin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, aka gina musu sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Yau an ci ƙarfinta: tun daga 2018 waɗanda ake samu da ita a duniya baki ɗaya ba sa kai dubu ɗaya a shekara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita a matsayin barazana ga jama'a a Ghana a 2023, da Chadi a 2024. To amma sunan ya riga ya mamaye wurin. Da zarar an ce wa dattijo "cutar barci", tsando ne ke faɗo masa a rai, alhali cututtukan da ke hana mutanenmu kwana a yau babu ruwansu da ƙuda.

Kafin a shiga cututtukan, ya kamata a san shi kansa barcin. Muna cewa barci ƙanin mutuwa ne, kuma ta fuskar wa'azi maganar tana nan daram. Amma ta fuskar aikin jiki, ƙwaƙwalwar mai barci ba ta zaune. A 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka gano cewa akwai wani mataki na barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata, kuma a nan ne aka fi yin mafarki. Daga baya aka fahimci cewa mai barci yana zagaye ne tsakanin barci mara nauyi, da mai nauyi, da na mafarki, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A cikin wannan zagaye ne jiki ke gyara kansa, hawan jini ke sauka, ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Abin da masana suka daidaita a kai shi ne baligi yana buƙatar aƙalla awa 7, matashi ɗan sakandare awa 8 zuwa 10, yaron firamare kuwa awa 9 zuwa 12. Kowa sai ya auna gidansa da wannan sikeli.

Cuta ta farko, kuma mafi yawa, ita ce rashin barci. Ba kowane daren da aka kasa runtsawa ne cuta ba. Wanda aka yi wa rasuwa, ko mai jarrabawa gobe, ko wanda ake bi bashi, dole barcinsa ya ƙaura na ɗan lokaci. Likitoci suna kiran abin cuta ne idan mutum yana kasa yin barci, ko yana yawan farkawa, ko yana tashi tun kafin lokaci, aƙalla dare uku a mako, har tsawon wata uku, duk da cewa ya samu damar kwanciya, kuma abin yana taɓa aikinsa da rana. Kimanin mutum ɗaya cikin kowane baligi goma yana cikin wannan hali. Sau da yawa kuma rashin barcin ɗan aike ne na wata cutar: ciwon damuwa, wanda kan tayar da mutum tun cikin talatainin dare da nauyin zuciya, ko fargaba, ko ciwon gaɓoɓi, ko asma, ko ƙwannafi, ko yawan tashi fitsari ga maza masu shekaru, ko zafin jikin da kan addabi mata idan al'ada ta zo ɗaukewa. Wanda ya kori ɗan aike bai saurari saƙon ba, ai bai yi maganin komai ba.

Yadda rashin barci ke zama ɗan gida abu ne mai ban mamaki. Dalili na farko yakan wuce, bashin ya biyu ko zaman makokin ya ƙare, amma tsoron dare ya saura. Mutum ya fara shiga ɗaki da wuri don ya rama, ya daɗe a kwance yana juyi, yana duba agogon waya yana lissafin awoyin da suka rage. A hankali sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa shimfiɗa wurin kokawa ce. Shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a gaban talabijin, amma da zarar ya hau gado sai idanu su bushe.

A nan ne mutanenmu ke yin babban kuskure, wato garzayawa kemis. Ƙwayoyin barci irin su Valium da Lexotan da Rohypnol an yi su ne don amfanin ɗan lokaci, yawanci mako biyu zuwa huɗu, bisa umarnin likita. Bayan haka jiki yakan saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu. Ranar da aka daina kuma rashin barcin ya dawo fiye da da, wanda ya daɗe yana sha kuwa, tsayawa farat ɗaya kan iya jawo masa jijjiga irin ta farfaɗiya. Ga tsofaffi, suna jawo jiri da faɗuwa da karaya. Idan aka haɗa su da tiramol ko kodin, suna iya tsayar da numfashi gaba ɗaya. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a farkon 2019 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma kowa ya tuna yadda gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Muna yawan ɗora abin a kan zauna-gari-banza, muna mantawa da matar aure ko ma'aikacin ofis da ya shiga wannan rami ta ƙofar neman barci. Mafi muni shi ne uwar da ke ɗirka wa yaro maganin mura mai sa maye don ya yi shiru ta samu ta yi aiki.

Maganin da ya fi inganci ga daɗaɗɗen rashin barci ba ƙwaya ba ne. Tun a 2016 ƙungiyar likitocin cututtukan cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar cewa abin da za a fara da shi shi ne horon sauya ɗabi'a da tunani, wanda akan yi a zama huɗu zuwa takwas. Ƙa'idojinsa ba su da wuyar faɗa. A tashi a lokaci guda kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Kada a hau gado sai barci ya zo. Idan an kwanta kimanin minti 20 bai zo ba, a tashi a koma wani wuri mai ƙarancin haske, a yi wani abu mai kwantar da hankali, sai an ji shi sannan a dawo. A taƙaita zaman gado zuwa gwargwadon awoyin da ake barci da gaske, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. A daina ramuwa da rana. A kuma yaƙi tunanin nan na cewa "idan ban yi barci yau ba na shiga uku", domin shi ne makamashin wutar. Makon farko akwai wuya, amma amfaninsa yakan daɗe bayan an gama, saɓanin ƙwaya.

Mu a nan muna da wata garaɓasa da wasu al'ummu ba su da ita: sallar Asuba ta riga ta tsayar mana da lokacin tashi. Sai dai lissafin yana da ɗaya gefen. Wanda zai tashi ƙarfe 5:30, idan yana son awa 7, dole ya kwanta 10:30. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa bayan Lisha gari kan yi tsit, kuma sunna ma ta ƙi yawan hira bayanta. Mu kuwa mun riƙe lokacin tashinsu, mun yar da lokacin kwanciyarsu. Ƙwallon Turai, da finafinai masu dogon zango, da zaurukan WhatsApp da TikTok sun cinye mana farkon dare. Ga shayin majalisa mai kauri, ga goro, ga lemun ƙara kuzari, dukkansu ɗauke da sinadarin kafin, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kimanin awa biyar da sha. Wanda ya sha shayi ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu ma bai rabu da shi ba. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana da amfani ga mai lafiya, amma ba za ta biya bashin dare ba.

Cuta ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ita muka fi yi wa dariya. Ba kowane minshari ne cuta ba. Amma akwai wanda mai shi zai yi ta jan sa, sai a ji ɗif, ya yi shiru na daƙiƙa goma ko fiye, sannan ya yi wata irin shaƙuwa ya ci gaba. Wannan shirun ɗaukewar numfashi ne. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tayar da shi na ɗan ƙiftawar ido ba tare da ya sani ba. Idan hakan na faruwa sau 5 zuwa 15 a awa guda, cutar mara tsanani ce. Daga 15 zuwa 30 matsakaiciya. Fiye da 30 kuwa mai tsanani. Wato akwai wanda ake shaƙewa sau ɗari biyu ko fiye a dare guda, ya wayi gari ya ce ya kwana lafiya. Wani nazari da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan cuta a duniya, miliyan 425 daga ciki matsakaiciya ko mai tsanani.

Alamominta da rana su ne ciwon kai da safe, bushewar baki, gajiya duk da daɗewa a kwance, mantuwa, saurin fushi, da gyangyaɗi a taro ko a huɗuba ko a kan sitiyari. Tana da alaƙa mai ƙarfi da hawan jini, musamman irin wanda ake sha wa magani kala uku ya ƙi sauka, da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon suga. Ta fi kama maza masu matsakaitan shekaru, masu teɓa da kaurin wuya da ya haura santimita 40. Mai karatu ya lura da wannan siffa: ita ce siffar da al'adarmu ke kira alamar hutu. Tumbi ya fito, wuya ya yi kauri, sai mu ce Alhaji ya samu duniya. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi kuma mu ce farat ɗaya abin ya zo, alhali shekara goma yana ba da sanarwa kowane dare.

Wanda ya fi kowa jin wannan sanarwa ita ce matarsa. Ita ce ke kwance tana sauraron shirun nan, wani lokaci har ta taɓa shi don ta tabbatar yana da rai. Amma kunya da gudun ɓacin rai sukan hana ta magana, idan ma ta yi, sai maigida ya ce shi ba ya minshari. Ina kira ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata da su faɗa, ga maza kuma su saurara, su tafi asibiti tare da su, domin shaidar mai ɗaki a nan ta fi ta mai cutar. Ana tabbatar da ita ne da gwajin barci, ko a asibiti ko da ƙaramar na'urar da ake kwana da ita a gida. Babban maganinta na'ura ce mai hura iska ta hanci a hankali don hanyar ta zauna a buɗe, wadda likita Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sydney ta Ostareliya, ya bayyana ta a 1981. Gaskiya ne tana da tsada, kuma tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, abin da ke nufin batir ko sola a yawancin gidajenmu. Amma akwai abin da kowa zai iya: rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, maganin toshewar hanci, da nisantar ƙwayar barci, wadda ke ƙara sakin maƙogwaron. Akwai kuma abin da likitan haƙori ke ƙerawa a sa a baki ya turo muƙamuƙi gaba. A watan Disambar 2024 ma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar rage ƙiba ta Zepbound a matsayin magani ga masu wannan cuta da ke da teɓa. Yaron da ke minshari yana barci baki buɗe kuwa, galibi naman gefen maƙogwaro ne ko na bayan hanci ya kumbura, kuma aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Cire belu a wurin wanzami ba ya maganinsa, sai dai ya ƙara haɗarin zubar jini.

Na uku shi ne dannau, kuma a nan ne ɗalibin harshe zai fi baje kolinsa. Kalmar daga "danna" take, an ƙera ta a ƙirar mantau da jimrau da gagarau, wato ƙirar da ke ba da sunan mai aikata abu. Tun a cikin sunan, harshe ya riga ya yanke hukunci cewa akwai wani mai dannawa. Ba mu kaɗai ba ne. Larabawa suna cewa kabus, daga aikatau mai ma'anar dannawa, ko jasum, mai durƙusawa a ƙirji. Mutanen Turkiyya suna cewa karabasan, baƙin mai danniya. Sinawa suna cewa fatalwa ce ta danne gado. Ita kanta kalmar Faransanci ta mugun mafarki, cauchemar, asalinta dodon da ke tattake mai barci. Al'ummun da ba su haɗa addini ko nahiya ba sun ba da labari iri ɗaya, domin jikinsu iri ɗaya ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo kabus a littafinsa na likitanci a cikin jerin cututtuka, ya kuma nema masa dalili a jiki.

Bayanin da ilimin yau ya bayar shi ne, a matakin mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Rahama ce. Wani lokaci sai hankali ya farka kafin a saki gaɓoɓin, mutum ya ji yana gani yana ji amma ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Numfashin wannan mataki gajere ne, shi ya sa ake jin nauyi a ƙirji, kuma da yake mafarkin bai gama yankewa ba, sai a ga inuwa ko a ji motsi a ɗaki. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma ba ya kisa. Kimanin mutum 8 cikin 100 sukan gamu da shi a rayuwa, a tsakanin ɗalibai kuwa ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, domin abin da ke jawo shi shi ne ƙarancin barci, da sauya lokacin kwanciya, da damuwa, da kwanciyar rigingine. Ba na jayayya da addu'ar kwanciya barci. Tana kwantar da zuciya, kuma kwanciya a gefen dama da aka koya mana ta dace da shawarar likita. Jayayyata da masu cin kasuwa da tsoron mutane ce, waɗanda za su ce wa yarinya 'yar jami'a mai karatun dare wai namijin dare ne ya aure ta, a karɓe kuɗin iyayenta, a bar ta da fargabar da ke ƙara mata cutar.

Akwai wasu da ba su kai waɗannan yawa ba, amma zaluncin da ake yi wa masu su ya isa a ambata. Akwai farmakin barci, wanda kan fara a shekarun samartaka, ya kama kimanin mutum ɗaya cikin dubu biyu. Barci ne ke afka wa mutum da rana tsaka ba shiri, wani ma idan ya yi dariya sai gwiwoyinsa su saki. Dalilinsa rashin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai suna oreksin, wanda aka gano a 1998. Irin wannan yaro muke kira kasa sarkin barci, malami ya yi ta zabga masa bulala a kan abin da ba shi da iko a kai, alhali akwai magungunan da ke taimaka masa tare da tsararren gajeren barci da rana. Akwai rashin natsuwar ƙafa, inda mutum ke jin wani abu na yi masa yawo a cikin ƙwauri da dare, ba ya samun sauƙi sai ya motsa ko ya tashi ya taka. Ya fi yawa ga masu juna biyu da masu ciwon ƙoda, kuma sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jiki, abin da gwajin jini zai nuna. Mu kuwa sai mu ce sanyi ne. Akwai tafiyar barci da firgitar dare ga yara, waɗanda galibi sukan wuce da girma, abin da ake buƙata kawai a kulle ƙofa, a rufe rijiya, a kawar da wuta. Haka fitsarin kwance: ba ganganci ba ne, kuma sa yara su bi yaro da waƙar tsiya ba ya ƙara masa komai sai ƙasƙanci. Dattijon da ya fara kai naushi da shuri cikin mafarki kuwa, a kai shi ga likitan jijiyoyi, domin hakan kan riga cutar karkarwa ta Parkinson zuwa da shekaru.

Na san akwai mai cewa, ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da yunwa da 'yan bindiga, ina ta ga ta barci? Wani kuma zai ce rashin barcin talaka ba na asibiti ba ne, na aljihu ne. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ke kwance a ɗakin kwano a Maiduguri ko Sakkwato cikin watan Afrilu, bayan zafin yini ya haura digiri 40, babu wuta, ga sauro, ga janaretan maƙwabci, ga lasifikar masu biki har ƙarfe biyu, ba horon tunani ne farkon buƙatarsa ba. Haka mutumin ƙauyen Zamfara ko Katsina da ke kwana a daji don gudun hari, ko wanda rikicin Boko Haram ya raba da gidansa tun bayan 2009, wanda abin da ya gani ke dawo masa cikin mafarki kowane dare. Amma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Tana nuna cewa barci ma'auni ne na zaman lafiya da adalcin shugabanci, kuma waɗanda suka tsira da rai daga tashin hankali suna buƙatar kulawar likitan ƙwaƙwalwa kamar yadda suke buƙatar buhun masara.

Sannan wanda bai yi barci ba, ba kansa kaɗai yake cutarwa ba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka buga a 1997, ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin martaninsa sukan ragu daidai da na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi. Babu ɗayanmu da zai shiga motar direban da ke warin barasa, amma muna shiga ta wanda ya kwana a hanya daga Legas ya juyo ba hutu, muna ma yaba masa da juriya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya fi tsawon filin ƙwallo, babu kowa a kan sitiyari. Barci ɓarawo ne, in ji Hausawa, kuma goro da tiramol ba sa kama shi. Haka abin yake ga likitan da ya kwana biyu a bakin aiki, da ma'aikaciyar jinya, da ɗan sanda mai riƙe da bindiga.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Na farko, likitoci da ma'aikatan jinya su mayar da tambayar barci cikin tambayoyin yau da kullum, musamman ga mai hawan jini da mai suga. Akwai gajerun takardun tambaya da duniya ta yarda da su, kamar ma'aunin Epworth na 1991 da STOP-BANG na 2008, kowanne tambaya takwas. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su zauna da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri a fitar da daidaitacciyar fassararsu da daidaitattun sunayen cututtukan, a raba har ƙananan asibitocin karkara, a kuma miƙa wa gidajen rediyo. Na biyu, kowane asibitin koyarwa ya mallaki ɗakin gwajin barci mai aiki, inshorar lafiya kuma ta ɗauki nauyinsa. Na uku, a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko kan horon nan na sauya ɗabi'a, tunda ba ya buƙatar na'ura, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta buɗe ƙofar kai irin wannan kulawa kusa da jama'a. Na huɗu, hukumomin da abin ya shafa su tsaya tsayin daka wajen hana sayar da ƙwayar barci ba da takardar likita ba. Na biyar, Hukumar Kiyaye Haɗurra da ƙungiyoyin direbobi su tilasta hutu da direba na biyu a doguwar tafiya. Na shida, ƙananan hukumomi da masu unguwanni su sa wa lasifikar dare iyaka, ko ta wane ne.

Sauran aikin kuma namu ne a cikin gida. Uba ya karɓi wayoyin yara idan dare ya yi, ya fara da tasa. Shugaban ma'aikata ya daina kiran taro ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana ganin hakan himma ce. Mu daina yi wa mai minshari dariya, mu daina kiran mai gyangyaɗi rago kafin mu bincika. Wanda ya yi wata uku yana fama kuwa, ya nufi asibiti, idan likita ya tambaye shi yadda ya kwana, ya ajiye "lafiya lau" a bakin ƙofa ya faɗi gaskiya. Lafiya uwar jiki ce, kuma kashi ɗaya cikin uku na rayuwar ɗan Adam a kan shimfiɗa yake ƙarewa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya yadda kowa zai kwanta da ido biyu rufe.